Kuɗin Ajiyarmu da Takardar Lamunin Gwamnati: Jawabin Kwamitin Kuɗi a Taron Zagayowar Shekara

Hajiya Shugaba, iyayenmu da suka kafa wannan ƙungiya tun ana taro a kan tabarma a tsakar gida, Malama, manyan baƙi, yayyenmu da ƙannenmu, barkanmu da ganin wannan rana. Allah ya maimaita mana, ya jiƙan waɗanda muka faro tafiyar nan da su amma ba su kawo yau ba.

An ba kwamitin kuɗi rabin awa, kuma mun san ƙamshin shinkafa ya riga ya fara shigowa ta taga, don haka ba za mu ja ku da nisa ba. Rahoton shiga da fita ma'aji ta karanta, an kuma lika shi a allo, duk mai son dubawa ta duba. Abin da ya kawo mu gabanku daban ne. Akwai kuɗin ajiya da dokar ƙungiya ta ce a riƙa warewa daga ribar kowace shekara, wanda ba a ba da shi bashi, ba a kuma raba shi. Shekara da shekaru yana kwance a banki. Kowa ta ga adadinsa a rahoto ta ce alhamdulillahi, ya ƙaru. To, a lissafi ya ƙaru. A kasuwa kuwa raguwa yake yi. Buhunan gyaɗar da wannan kuɗi zai iya saya mana shekara uku da suka wuce, yau ko rabinsu ba zai saya ba, kuma ba wanda ya sace ko sisi. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ma'anarsa, abin da kika saya naira dubu ɗari a ƙarshen 2023, a ƙarshen 2024 sai kin lalubo kusan dubu ɗari da talatin da biyar. Mu da muke zuwa cefane ba mu bukatar hukuma ta faɗa mana, amma dai ga shi ta faɗa.

Shawarar da muka zo da ita, wadda za a jefa ƙuri'a a kanta a taron wata mai zuwa, ita ce a ɗauki kashi ɗaya cikin uku na wannan ajiya a sayi takardar sukuk ta Gwamnatin Tarayya idan an sake buɗe sayarwa. Tun da maganar ta fita muke jin raɗe-raɗi. Wasu sun ce za a kai kuɗin ƙungiya caca, wasu sun ce riba ce aka sauya mata zane, wasu kuma sun ce gwamnati in ta karɓa sai dai a ji a salansa. Ba mu ga laifin kowa ba, kuɗin gumi ne, na ƙuli-ƙuli ne da ɗinki da awara. Shi ya sa muka ga gara a baje komai a faifai yau, kowa ta koma gida ta yi tunani, ta tambayi wanda ta amince da shi.

Mu fara da ita takardar lamunin kanta. Ba wani abu ba ce illa shaidar bashi. Gwamnati ko kamfani na bukatar kuɗi, sai ya ce wa jama'a ku ranta mini, ga takarda, zan biya ku kaza duk wata shida, ranar kaza kuma in mayar muku da uwar kuɗinku. Ta bambanta da hannun jari, kuma wannan bambanci shi ne inda mutane da yawa suke rikicewa. Mai hannun jari tana da rabo a cikin kamfani, in an ci riba a ba ta, in an faɗi da ita aka faɗi, kuma babu ranar da aka yi mata alkawarin mayar mata da kuɗinta. Mai takardar lamuni ba ta da rabo a komai, bashi take bi, an yanka mata abin da za ta samu da ranar da za a sallame ta. A ƙasar nan abin ba sabo ba ne. Tun 1946, zamanin Turawa, gwamnati ta fitar da takardar rancen raya ƙasa ta farko, ta fam dubu 300. Yanzu Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa, wanda ake kira DMO, shi ke wannan aiki tun da aka kafa shi a shekarar 2000.

A da galibi sai manya, bankuna da kamfanonin fansho da attajirai. A watan Maris na 2017 aka fito da wadda aka yi domin masu ƙaramin ƙarfi, takardar tanadi ta Gwamnatin Tarayya. Da naira dubu biyar za ki iya shiga, ki ƙara dubu-dubu yadda kike so har zuwa miliyan hamsin. Akwai ta shekara biyu, akwai ta shekara uku, ana buɗe sayarwa a farkon kowane wata, ana kuma biyan ruwa duk wata uku kai tsaye cikin asusun banki. Mun ce ruwa, kuma da gangan muka faɗa, don ruwa ne, ba a ɓoye ba. Saboda haka ba mu kawo ta a matsayin shawara ga kuɗin ƙungiya ba, tunda mafi yawanmu addini bai yarje mana ba. 'Yan'uwanmu Kiristoci da ke cikinmu, da duk wadda take son sani don kanta, sakatariya na da bayanin.

Sukuk ita ce muka daɗe a kanta, har sai da muka yi zama uku da Malama. Kalmar Larabci ce, jam'in sakk, wato takardar shaida, kuma ta daɗe a tarihin Musulunci. Malama ta tuna mana labarin da ke cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik, cewa a zamanin Marwan ɗan Hakam an raba wa mutane irin waɗannan takardu na karɓar abinci, sai suka shiga sayar da su a tsakaninsu tun kafin su karɓi abincin a hannu. Zaidu ɗan Sabit da wani sahabi suka je suka yi wa Marwan magana, ya aika dogarai suka bi suna karɓe takardun suna mayar wa masu su. Abin da ta ce mu lura da shi a labarin, tun wancan lokaci tambayar malamai ita ce, mene ne a bayan takardar? Akwai dukiya ta gaske da mai takarda ya mallaka, ko kuwa takarda ce kawai ake juyawa kuɗi na haifar kuɗi?

To ga yadda ta gwamnatinmu take. Ba rance ake ba gwamnati ba a tsarin. An kafa wani kamfani na musamman wanda aikinsa kawai ya karɓi kuɗin masu saye a madadinsu. Da kuɗin ake gina hanyoyin da aka ambata da sunansu tun kafin a fara sayarwa, kuma ana biyan 'yan kwangila ne bisa aikin da aka duba aka tabbatar. Masu takarda su ne masu wannan dukiya, kowa gwargwadon abin da ya zuba. Gwamnati sai ta ɗauki hayar hanyar daga hannunsu, tana biyan kuɗin haya duk wata shida. Idan wa'adi ya cika ta saye dukiyar, kowa a mayar masa da uwar kuɗinsa. Wannan shi ne ijara, kamar dai mu haɗa kuɗi mu gina shago mu ba da haya, da yarjejeniyar cewa bayan shekara bakwai ɗan hayar zai saye shagon. Majalisar malamai masana harkar kuɗi da ke ba Babban Banki shawara ita ke duba tsarin ta amince kafin a fitar.

Ba za mu ɓoye muku ba, ba duk malamai ne suka saki jiki da kowace irin sukuk ba. A 2007 Shaihu Muhammad Taƙi Usmani na Pakistan, wanda yana cikin manyan masana wannan fanni a duniya, ya fito ya ce mafi yawan sukuk da ake fitarwa a lokacin ba su cika sharuɗɗan shari'a ba, musamman waɗanda aka gina kan haɗin jari amma aka lamunce wa mai saye cewa ba zai yi asara ba. Maganarsa ta girgiza kasuwa, aka sake tsaurara ƙa'idoji a shekarar da ta biyo baya. Ta ijara, irin tamu, ita ce aka fi samun natsuwa da ita. Duk da haka wadda zuciyarta ba ta kwanta ba, haƙƙinta ne ta ƙi, kuma kada wata ta yi mata gori. Masu cewa kuma dabara ce ta musuluntar da ƙasa, kamar yadda aka yi ta hayaniya a 2017, sai mu ce Ingila ta fitar da sukuk ta fam miliyan 200 a 2014, Afirka ta Kudu ma ta fitar a shekarar, kuma har yau ba mu ji sun sauya addini ba. A nan gida ma jihar Osun ce ta riga kowa, a 2013, ta gina makarantu da kuɗin.

Ta Gwamnatin Tarayya ta farko ta fito a watan Satumba na 2017, naira biliyan 100, wa'adin shekara bakwai, haya kashi 16.47 cikin ɗari a shekara. An raba kuɗin daidai wa daida tsakanin shiyyoyi shida na ƙasa, aka zuba a ayyukan hanya 25. Duk wadda ta bi hanyar Kano zuwa Maiduguri, ko Kano zuwa Katsina, ko Abuja zuwa Lokoja, ta ga allunan da aka kakkafa masu rubutun sukuk a bakin titi. Wasu sassan an gama, wasu kuwa kun fi mu sanin halin da suke ciki, ba sai mun ɓata bakinmu ba. Abin da ya shafe mu a matsayin masu saye shi ne, hayar ba ta dogara da ko motoci na bi ko ba sa bi ba, gwamnati ce ta ɗauki nauyin biya. Waccan ta farko wa'adinta ya cika a Satumban 2024, kuma an biya masu ita kuɗinsu. Daga nan an yi ta fitarwa, a 2018, 2020, 2021, 2022, 2023, sai ta watan Mayu na 2025, naira biliyan 300, shekara bakwai, haya kashi 19.75. Mafi ƙarancin shiga naira dubu goma ne.

Bari mu yi lissafi da wannan ta ƙarshe, don a ji da kunne. A ce an zuba naira miliyan ɗaya. Hayar shekara ta kama dubu 197 da ɗari biyar, wato dubu 98 da ɗari bakwai da hamsin duk wata shida. A shekara bakwai an karɓi miliyan ɗaya da dubu 382 da ɗari biyar, sannan a dawo da miliyan ɗayan. Wadda ta sa dubu goma nata na kanta, naira 1,975 za ta gani a shekara. Ba kuɗin Makka ba ne, amma ya fi abin da gwangwanin da ke ƙarƙashin gado yake ba ta. Ku lura fa, wannan farashin na waccan fitowar ne. Ta gaba tana iya zuwa sama da haka ko ƙasa, sai ranar da aka sanar.

Yanzu sai ɗacin maganar, don mai sayar da magani ne kawai ba ya faɗin illarsa, mu kuwa ba sayarwa muke ba. Babbar illa ita ce wadda muka fara da ita, hauhawar farashi. Wadda ta sayi sukuk ta 2020, hayarta kashi 11.2 ce, kuma a haka za ta tsaya har wa'adi ya cika. A shekarar da kaya suka tashi da kashi talatin da wani abu, ita sha ɗaya aka ba ta. Asara ta yi ko riba? A takarda riba, a kasuwa asara, sai dai asararta ba ta kai ta wadda ta bar kuɗin a kwance ba. Ku ɗauki ta 2017 ma. Mai dubu ɗari ta karɓi haya dubu 16 da ɗari huɗu da saba'in kowace shekara, jimilla sama da dubu 115, aka kuma mayar mata da dubu ɗarinta cif. Amma dubu ɗari a 2017, lokacin da dala take wajen naira 360, ta kusa dala 280. Ranar da aka mayar mata, dala ta haura naira 1,500, dubu ɗarin nan ba ta kai dala 70 ba. Wadda ta sayi sarƙar gwal a 2017 ta ajiye, wallahi ta fi ta. Mun faɗi wannan ne don Hajiyoyinmu masu cewa gwal ya fi, su san ba mu ƙaryata su ba. Matsalar gwal a wurinmu ita ce, a ɗakin wa za a ajiye gwal ɗin ƙungiya? Wa zai kwana da shi? In an wayi gari an ce ɓarayi sun shiga, zumuncin shekaru ne zai tafi tare da shi. Kiwo ma haka, tumaki suna haihuwa, amma suna ci, suna ciwo, suna mutuwa, ga kuma halin da ake ciki na satar dabbobi. Hatsi kuwa mun riga muna sayen sa da kaka da wani ɓangare na jari, kuma ba mu ce a daina ba. Shi ya sa muka ce kashi ɗaya cikin uku, ba duka ba.

Illa ta biyu, kuɗin zai ɗaure. Gaskiya ne ana iya sayar da takardar a kasuwar hannayen jari kafin wa'adi, ta hannun dillali, amma ba lallai a sami abin da aka zuba ba. Ku duba, in kina riƙe da mai ba da kashi 11, ga sabuwa ta fito mai ba da kusan 20, wa zai sayi taki a farashin da kika saya? Sai kin karya. In kuma akasin haka ta faru, sababbin suka sauko ƙasa da taki, to taki ta yi daraja, har a saya sama da kuɗinta. Abin kamar sikeli ne, in gefe ɗaya ya hau ɗayan ya sauka. Don haka kuɗin da ake ba mambobi bashin jari da shi, da na taimakon haihuwa da rasuwa da asibiti, ko kwabo ba za a taɓa ba. Wanda muka tabbata ba za mu nema ba sai bayan shekaru, shi kaɗai ake magana.

Sai tambayar da wata uwa ta yi mana a zaman kwamiti, wadda ta fi kowace nauyi. Ta ce, in gwamnatin ta ce ba ta da shi fa, wa zai kama ta? Amsa ta gaskiya ita ce babu. An saba cewa bashin gwamnati a kuɗin ƙasarta shi ne mafi aminci, kuma haka ne in an kwatanta da na kamfani ko na mutum, amma mafi aminci ba ya nufin ba ya taɓa tangarɗa. Waɗanda ke da dangi a zangon Kumasi ko Nima sun ji abin da ya faru a Ghana. A watan Disamba na 2022 gwamnatin can ta ce ba za ta iya biyan bashin cikin gida yadda aka yi alkawari ba, ta nemi masu takardu su musanya su da sababbi masu ƙarancin riba da dogon wa'adi. Tsofaffi 'yan fansho da suka zuba abin da suka tara a rayuwarsu suka riƙa zuwa suna zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Accra, har tsohuwar Babbar Jojin ƙasar, Sophia Akuffo, ta je ta zauna tare da su a watan Fabrairun 2023. Ba a Turai aka yi ba, nan kusa ne. Mu namu ba a yi mana haka da sukuk ko takardar tanadi ba, ana biya a kan lokaci tun da aka fara, amma kowa ta san bashin da ke kan ƙasar nan ba kaɗan ba ne. Wannan ma yana cikin dalilin da muka tsaya a kashi ɗaya cikin uku. Mu sani kuma, barin kuɗi a banki shi ma ba tudun-mun-tsira ba ne gaba ɗaya. In banki ya durƙushe, inshorar hukumar NDIC tana lamunce har naira miliyan biyar ne ga kowane mai ajiya a manyan bankuna, miliyan biyu a ƙananan bankunan al'umma, saura sai an sayar da kadarorin bankin.

Wani abu da zai ba iyayenmu mamaki, ko mun saya ba za a ba mu takarda mai zanen zinariya da tambari mu zo mu nuna muku ba. Zamanin wannan ya wuce. Yanzu sunan mai saye da adadin abin da ya saya suna cikin kwamfutar kamfanin CSCS, wanda ke riƙe da rajistar kasuwar tun 1997. Za a buɗe wa ƙungiya asusu a can da sunanta, da takardar rajistarmu da shawarar da taro ya zartar, a ba mu lamba, a riƙa ba mu takardar bayanin abin da muka mallaka duk lokacin da muka nema. Haya kuma ta faɗo kai tsaye cikin asusun ƙungiya na banki, wanda sai da sa hannun mutum uku ake taɓa shi. Ba za ta bi ta hannun kowa ba, har mu 'yan kwamiti. Dillalin da za a bi ta wurinsa dole sunansa ya kasance cikin jerin waɗanda hukumar SEC ta ba lasisi, kuma mun ba da shawarar a zaɓi mata biyu da ba sa cikin kwamiti su je su duba da idonsu.

Muna jaddada wannan ne saboda 'yan damfara sun iya kwalliyar takarda fiye da gwamnati. Duk mun tuna MMM da ta kulle a Disamban 2016, ga kuma CBEX da ta watse a watan Afrilun 2025 da kuɗin bayin Allah. Yanzu har da masu zuwa da sallama da carbi, su ce nasu jarin halal ne, sukuk ne, za a ba ki kashi ashirin ko talatin a wata. A wata fa! Gwamnatin Tarayya da duk man fetur ɗinta sukuk ɗinta ba ta kai ashirin a shekara ba, shi wannan yaron mai waya biyu a ina yake haƙo nasa? Duk wanda ya ce ki tura kuɗin sukuk cikin asusu mai sunan mutum, ki rufe wayarki.

Tunda ana maganar takarda, akwai abin da muke roƙon kowa ta yi in ta koma gida, kuma wannan bai shafi ƙuri'a ba. A cikin akwatunan ƙarfe da ƙasan adaka a gidajenmu akwai tsofaffin takardu da mazajenmu da iyayenmu suka bari. Wasu tun lokacin dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 da 1977, da ma'aikata da 'yan kasuwa suka sayi hannun jari a kamfanonin Turawa. Wasu har da fam aka rubuta su, kafin naira ta shigo a Janairun 1973. Wasu kuma na lokacin haɗe bankuna ne a 2005, da aka yi ta tallar hannun jari har a ƙofar gida, kafin kasuwa ta faɗi a 2008 mutane suka yi fushi suka jefa takardun a lungu. Don Allah kada a ƙone su, kada a ba yara su naɗe ƙosai. Wani kamfanin ya mutu, gaskiya ne, amma wani suna kawai ya sauya, ko wani ya haɗiye shi, kuma ribar da ake rabawa tana can tana taruwa. A 2023 hukumar SEC ta ce ribar hannun jari da masu ita ba su karɓa ba ta kai wajen naira biliyan 190. A cikin wannan kuɗi akwai haƙƙin marayu da na matan da mazajensu suka rasu. Dokar kuɗi ta 2020 ta ce ribar da ta shekara shida ba a karɓa ba gwamnati za ta riƙe ta a wani asusu a matsayin rance, mai ita na iya nema duk ranar da ya zo, amma kun san karɓo abu daga hannun gwamnati ba kamar karɓa daga maƙwabciya ba ne.

Tsohuwar takarda tana da ban mamaki. A ƙasar Holan akwai wata hukumar kula da madatsun ruwa da ta ci bashi a 1648, ta rubuta shaidar a kan fatar akuya, ba ta sa ranar ƙarewa ba. Jami'ar Yale ta Amurka ta sayi fatar don ajiyar tarihi, a 2015 ta aika ma'aikacinta ya je ya karɓo ribar shekara goma sha biyu, kusan yuro 136, aka kuwa ƙirga aka ba shi. A gefe guda kuma ga takardun da sarakunan Rasha suka sayar wa Faransawa birjik, da aka yi juyin juya hali sabuwar gwamnati ta ce a 1918 ba ta san zancen ba. Irin waɗannan yanzu masu sha'awar tara kayan tarihi ne ke sayen su saboda kyan zanensu, su sa a gilashi su rataye a bango. To namu ma sai an duba kafin a san wace iri ce. Ko ta mutu a kasuwa, a bar wa jikoki su ga sa hannun kakansu.

Abin da ya fi hana mata karɓar haƙƙinsu a wannan harka shi ne suna. An sayi hannun jari da sunan mahaifi, katin zama ɗan ƙasa da sunan miji, asusun banki kuma an rubuta Hauwa a wani wuri, Hauwa'u a wani, ko Aisha da Aishatu. Kwamfuta ba ta san ke ce ba. Sai an daidaita sunan da ke BVN da NIN da wanda ke wurin magatakardan kamfanin, a cike fom ɗin biyan riba ta banki, sannan kuɗi ya fara shigowa. In mai takardar ya rasu kuwa, sai magada sun samo takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu, kuma a sani cewa wanda aka rubuta a fom a matsayin makusanci ba shi ne magaji ba, rabon gado yana nan yadda shari'a ta tsara. Hanyar tana da tsawo, tana da cin rai, shi ya sa muka ga gara a tara su a bi gaba ɗaya da sunan mutane da yawa, maimakon kowace bazawara ta riƙa hawa mota ita kaɗai.

Saboda haka ranar Asabar ta biyu bayan wannan taro, daga ƙarfe goma zuwa azahar, za mu zauna a ofis da sakatariya da 'yan matanmu biyu da suka iya kwamfuta. Duk mai tsohuwar takarda ta kawo, a saka a leda saboda damina. Za a ɗauki hotonta a duba sunan a rajista, a mayar miki da abarki a hannu nan take, ba za mu riƙe ta kowa ba. Maganar zakka a kan sukuk da hannun jari Malama za ta yi bayani da kanta bayan an ci abinci. Ƙuri'a kuma sai taron wata, da ɗaga hannu kamar yadda aka saba, kuma wadda ba ta biya kuɗin wata uku ba ta san dokar, ta leƙa wurin ma'aji tun da wuri.

Hajiya Shugaba, mun ɗan zarce lokacin da aka ba mu, a yi mana afuwa.